Darussa Daga Ɗakin Histoloji na Haɗin Gwiwa a Jos

Shekarun da na yi a ɗakin gwaje-gwajen histoloji da masu bincike daga sassa daban-daban suke tarayya a kansa, inda ake kawo mana hanta, ƙoda ko huhun ɓerayen gwaji domin mu yanka, mu rina, a duba da madubin ƙara girma, sun nuna mini cewa ingancin gilashin da muke ɗora yankan nama a kai, wanda zai fita daga hannunmu, ya dogara ne a kan abin da aka yi wa naman tun kafin ya iso ƙofarmu.

Dalilin tarayyar a fili yake. Maikrotom, wato na'urar da ke yanka nama siriri, da injin sarrafa nama suna da tsada, kuma hannun da zai fitar da yanka mai kaurin maikron 4 ko 5 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ba tare da ya yage ba sai an daɗe ana horar da shi. Sai dai duk ƙwarewar ma'aikaci, ba zai iya dawo da naman da ya fara lalacewa ba. Da zarar jini ya daina gudana, ƙwayoyin nama sukan fara narkar da kansu, shi ya sa ake so a jefa samfurin nan take cikin ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, a yanka shi kada kaurinsa ya wuce milimita 4, ruwan kuma ya ninka girman naman aƙalla sau 10, a bar shi awa 24 zuwa 48. Sau da yawa ɗalibin digiri na biyu, wanda ya kwashe watanni yana ciyar da dabbobinsa da kuɗin aljihunsa, yakan kawo hanta sukutum a cushe cikin ƙaramar kwalba, bayanta ya sha fomalin, tsakiyarta ta ruɓe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan aka rina irin wannan nama da hematoksilin da iyosin, wanda bai goge ba zai iya ɗaukar ruɓewar a matsayin illar maganin da yake gwadawa, ya rubuta hakan a kundinsa da zuciya ɗaya.

Saboda haka na daina jiran samfuri, na koma neman mai shi. Zaman rabin awa da mai bincike kafin ya fara gwaji ya fi kowane gyara daga baya amfani. A nan ne ake sanin ko yana buƙatar rinin Ziehl-Neelsen don neman ƙwayar tarin fuka, ko kuwa ƙashi zai kawo, wanda dole a cire masa sinadarin kalsiyam da ke taurara shi tukuna. Wajen cire shi, ruwan asid yana da sauri, amma sinadarin EDTA, duk da yakan ɗauki makonni, ya fi kiyaye nama idan za a bi sawun furotin daga baya.

Lakabi ma darasi ne babba. Da fensir ake rubutu a kan kaset, wato ɗan akwatin da ake saka samfuri a ciki, domin alkohol da zailin, ruwayen da ake sarrafa nama da su, suna wanke tawadar biro, kuma a ɗakin da samfuran mutane da yawa ke shiga inji ɗaya, lambar da ta goge tana iya haɗa aikin wani da na wani.

Jos tana da nata sharuɗɗan. A lokacin hunturu bushewar iska takan sa zaren kakin farafin, wanda ake binne nama a cikinsa kafin a yanka, ya riƙa manne wa wuƙa, ƙura kuma ta sauka a kan gilashi, sannan ɗaukewar wuta cikin dare tana iya daskarar da kaki da nama a cikin inji, don haka ba ma ɗora aikin dare sai mun tabbatar da janareta.

Mafi wuya shi ne adalci a layi. Farfesa da ɗalibi duk littafin rajista ɗaya suke bi, kuma a ganina ranar da aka fara tsallake layi saboda muƙami, ranar ce amanar ɗakin za ta fara zubewa. Haka nan nakan roƙi kowa ya ba samfuransa lambobin sirri, ta yadda likitan da zai karanta gilashin ba zai san wane ɓera ne ya sha magani ba sai bayan ya gama rubuta abin da idonsa ya gani.