Hutun Afrilu a Val Thorens

Hutun makarantar yara a Lyon, inda muke zaune, a watan Afrilu ya faɗo, lokacin da dusar ƙanƙara ta fara narkewa a tsaunukan Alps. Yara kuma sun kafe sai an kai su wasan zamiya a kan ƙanƙara kamar 'yan ajinsu. A irin wannan lokaci tsayin wuri shi ne komai, domin duk mita 1,000 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6. Wurin da ya yi fari fat a Janairu sai ka tarar da shi taɓo da ciyawa.

Uwargida Megève ta so, tsohon gari mai kantuna da keken doki, amma tsayinsa mita 1,100 ne da 'yan kai. Chamonix na da suna, ga tsaunin Mont Blanc a kanta, sai dai filayen wasanta a warwatse suke, kullum sai an ja yara zuwa bas da takalman nan masu nauyi. Aka bar mu da Tignes mai mita 2,100 da Val Thorens mai mita 2,300, wanda ya fi kowane garin zamiya tsayi a Turai, kuma ba ya rufewa sai farkon Mayu. Abin da ya raba gardama shi ne filin 'yan koyo na Val Thorens a tsakiyar gari yake, daga ƙofar masauki sai kan ƙanƙara.

Ranar Asabar muka tashi, ranar da masu haya ke fita wasu na shiga, don haka hanya ta cika. Muka bi ta Chambéry da Albertville, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu a 1992, har Moûtiers. Can ƙasa bishiyoyi sun fara fure, har uwargida ta ce, "Malam, anya ba asarar kuɗi muka zo yi ba?" Daga nan aka fara hawa, kilomita 37 na kwana-kwana. Bayan Les Menuires bishiyoyi suka ƙare, fari ya rufe ko'ina, mota ta yi tsit.

Garin kansa ba shi da wani kyau, dogayen benaye ne a kan dutse tsirara. In gajimare ya sauko ba ka bambance sama da ƙasa, kamar hazon hunturu a Damagaram.

Ƙanƙarar Afrilu tana da lokacinta. Da sassafe tauri gare ta, don ta daskare cikin dare, wanda ya faɗi zai ji a jikinsa. Daga ƙarfe 10 zuwa 1 take laushi, nan daɗin yake. Da la'asar ta jiƙe ta yi nauyi, gwiwa na ciwo, gara a koma gida a sha shayi. Shi ya sa muka sa yara a darasin safe wurin malaman zamiya masu jajayen riguna. Kafin mu dawo babbar ta bar hanyoyi masu koriyar alama, na 'yan koyo, ta koma masu shuɗiya da suka ɗan fi wuya, ni kuwa ina nan kan koriya ina lallaɓawa. Rana a can tana ƙuna, baƙar fata ma ba ta tsira ba, dole a shafa mai a sa tabarau. Iska kuma ba ta da kauri, daren farko barci ya yi wuya, matakala kaɗan sai haki.

Abinci sai da lura: tartiflette, gashin dankali da cuku, da naman alade ake yi, cukun da ake narkarwa a tukunya kuma da giya a ciki. Gida mai kicin muka kama, muka taho da naman halal da shinkafa da yaji daga Lyon. A wannan tsayi ruwa na tafasa tun wajen digiri 92, shinkafa sai ta ɗauki lokaci kafin ta nuna.

Tikitin Les 3 Vallées, babban yankin zamiya da Val Thorens ke ciki, mai hanyoyi na kilomita 600, ba na 'yan koyo ba ne, na yankin garin ya ishe mu. Ranar ƙarshe muka hau motar igiya zuwa ƙololuwar tsaunin Cime Caron, kusan mita 3,200, ƙaramin ya riƙe hannuna gam yana cewa, "Baba, kada mu matsa baki." Uwargida dai har yanzu tana kan bakanta na Megève, an yi yarjejeniya sai watan Janairu.