Kula da danshin kejin ƙadangare mai gemu a Damagaram

Duk wanda ya nemi bayani a kan kiwon ƙadangare mai gemu zai ci karo da adadi guda da ake ta maimaitawa, wato danshin iskar da ke cikin kejinsa ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Adadin yana da tushe, domin wannan dabba da masana ke kira Pogona vitticeps asalinta daga busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne, inda ruwan sama ba shi da yawa, rana kuma tana da ƙarfi. Sai dai yawancin masu rubuta wannan ƙa'ida suna zaune ne a Turai da Amurka, a cikin gidajen da ake daidaita zafinsu da sanyinsu duk shekara. Mu a Damagaram iskarmu takan faɗi ƙasa da wannan adadi sosai da rani, ta haura shi da nisa da damina, shi ya sa abin da yake magani a watan Fabarairu yake iya zama cuta a watan Agusta.

Na fahimci haka ne a wurin likitan dabbobin da nake koyon aiki a hannunsa. Aikinmu na yau da kullum tumaki ne da awaki da shanu da kaji, amma wani Alhaji mai yawan tafiye-tafiye ya bar mana amanar irin wannan ƙadangare da ɗansa ya zo da shi daga Faransa, likita kuwa ya ɗora mini kulawa da shi. Mutane da yawa da suka gan shi sukan ce ai ƙadangare ƙadangare ne, ga su nan birjik a kan duwatsun unguwar Birni ba mai auna musu komai. Gaskiya ne, amma na kan dutse yana da zaɓi: idan rana ta ishe shi sai ya shige tsaguwar dutse inda akwai sanyi da ɗan laima, kamar yadda mai gemun yake shiga rami a ƙasarsa ta asali. Na cikin keji ba shi da wani wurin gudu sai wanda muka tanadar masa, kuma wannan nauyi ne da ba na ɗaukarsa da wasa.

Abu na farko da likita ya nace a kai shi ne aunawa. Yakan ce mini, "Ɗana, kafin hannunka ya kai ga ruwa, idonka ya fara kaiwa ga ma'auni." Adadin da ma'aunin danshi yake nunawa ba yawan ruwan da ke cikin iska ba ne kai tsaye, kwatanci ne tsakanin ruwan da ke cikinta da iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa, har ma iyawarta takan kusa ninkawa idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Saboda haka keji guda yana iya nuna adadi biyu mabambanta a lokaci guda: ƙarƙashin fitilar ɗumi, inda zafi yake kaiwa digiri 38 zuwa 42, adadin yakan yi ƙasa, a ɗaya ɓangaren mai sanyi kuma ya yi sama. Haka nan idan aka kashe fitila da dare, adadin yakan tashi ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Wanda bai san wannan ba sai ya firgita da asuba, ko kuma ya saki jiki da azahar alhali akwai matsala. Ni dai nakan ajiye ma'aunin a tsakiyar keji, daidai tsayin jikin dabbar, in duba da asuba da rana da kuma bayan magariba, in rubuta a littafi.

Shi kansa ma'aunin sai an jarraba shi, musamman mai allura, wanda ya fi na lamba yawan kuskure. Ana jiƙa gishirin miya kaɗan a murfin kwalba, yadda zai jiƙe amma ba zai narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda ko mazubin da iska ba ta shiga, a bar su su kwana. Ma'auni mai gaskiya zai nuna kusan kashi 75. Idan ya nuna 68, an san ke nan kullum sai an ƙara 7 a kan abin da ya faɗa.

Da hunturu, har zuwa farkon bazara, danshin iskar garin nan yakan sauka ƙasa da kashi 20. Dukawan Damagaram sun san wannan yanayi fiye da kowa, domin fatar da take bushewa ta tsattsage a hannunsu da hunturu ita ce take yin funfuna da damina idan an ajiye ta a ɗaki rufe. A jikin ƙadangaren, bushewar tana bayyana ne lokacin saɓa. Shi ba ya zubar da tsohuwar fata gaba ɗaya irin ta maciji, gutsure-gutsure take fita, kuma idan iska ta bushe ainun sai ta manne a yatsu da bakin wutsiya, ta ɗaure wurin har jini ya kasa wucewa, yatsa ya mutu. Ba a fizge ta da hannu, domin sabuwar fatar da ke ƙasa tana iya raunata. Abin da na ga ya fi amfani shi ne ƙaramin maɓoyi a ɓangaren sanyi, da tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse a cikinsa, yadda zai shiga idan yana so, ya fita idan ya ishe shi. Wannan ya fi fesa wa keji duka ruwa, domin fesawa tana ɗaga danshi na ɗan lokaci ne, ta bar ƙasan kejin a jiƙe. Ruwan jikinsa kuwa daga ɗanyen ganye da kabewa da ƙwari yake samun mafi yawansa, kuma da yake ba kullum yake kula da ruwan kwano ba, nakan ɗiga masa a kan hanci ya lasa. Farin ɓangaren kashinsa yana ba da labari: idan yana da taushi lafiya lau, idan ya yi tauri kamar alli ko ya koma rawaya, akwai alamar ƙarancin ruwa.

Bazara tana da nata tarko. Idan zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, gidaje da yawa sukan kunna na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, ko a yayyafa wa ɗaki ruwa. Wannan yana ɗaga danshin ɗakin ƙwarai, alhali a waje ƙura ce take tashi, don haka ba a yanke hukunci da abin da ido ya gani a tsakar gida.

Damina ce ta fi ba ni fargaba. A watan Agusta danshi yakan wuce kashi 70 da asuba, keji mai bangon gilashi kuma yana riƙe laima. Tashin danshi na 'yan awoyi da dare ba abin tsoro ba ne, abin tsoro shi ne ya daɗe a sama tare da sanyi da rashin shigar iska, domin nan ne cutar numfashi da funfunar fata suke samun wurin zama. Alamominsu su ne yawu mai yauƙi a baki, kumfa a hanci, ƙara yayin numfashi, buɗe baki ko ba ya shan ɗumi, da tabo mai launin rawaya a fata, kuma duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya garzaya wurin likita. A wannan lokaci nakan cire jiƙaƙƙen tsumman, in musanya kwanon ruwa da ƙarami in nisanta shi da fitila, in tabbatar rufin kejin ragar waya ce, in kuma kwashe ragowar ganye kafin dare. Ba a shimfiɗa masa ɓawon itace ko wani abu mai shan ruwa, takarda ko tayil sun fi. Ba a shanya wanki a ɗakin, ba a ajiye randa kusa. Idan hadari ya sa wuta ta ɗauke, fitila ta mutu, zafi yakan sauka danshi ya tashi a tare, sai in fitar da shi ya sha hantsi a wurin da akwai inuwa kusa, ina tsaye a kansa, amma ba a cikin gilashi ba, domin rana tana iya dafa shi a ciki.

Da shigowar kaka, wajen watan Oktoba, iska takan juya cikin 'yan makonni, adadin da ke littafina ya fara gangarowa. Da zarar na ga na asuba ma ya sauka ƙasa da 30, sai in mayar da babban kwanon ruwa, in sake jiƙa tsumman maɓoyi, in fara duba yatsunsa da wutsiyarsa ɗaya bayan ɗaya kowace safiya.