Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Aka Miƙo Min Tulu Hannuna Yana Rawa

Salama gare ku 'yan uwa. Makon jiya na tsaya a inda muka tare a gidan haya na unguwar Birged a Kano, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ni da baban yara da yaranmu uku, keken ɗinkina kuma a bakin ƙofa. To yau zamu shiga shekarar 2012, kuma in gaya muku gaskiya sau uku ina fara rubuta wannan kashin ina gogewa.

Shekarar tun kafin ta yi sallama ta nuna halinta. Ranar Kirsimetin 2011 muna cikin rabon shinkafa da cincin ga maƙwabta labari ya iso an tada bam a cocin Katolika na Madalla kusa da Abuja. Ranar 1 ga Janairu gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 ta haura 140, aka shiga yajin aiki gari ya tsaya cak, ga kuma sanarwar 'yan Boko Haram wai 'yan kudu su bar Arewa cikin kwana uku. Amma kar in ci haƙƙin Kano, a cikin zanga-zangar nan ne samarin Kirista suka yi zobe suka kewaye Musulmi suna sallah, mu kanmu muka ce kai ashe da sauran alheri a garin nan. Ranar Litinin 16 ga wata aka janye yajin aikin, mai ya dawo 97, kowa ya koma neman abinci. Kwana huɗu kacal muka samu.

Juma'a 20 ga wata wajen ƙarfe biyar na yamma ina kan keke ina ɗinka ankon biki, wata marainiya ce a ikilisiyarmu da zumuntar mata ta rene ta za'a aurar ƙarshen Fabrairu, ni aka ba ɗinkin mata arba'in da biyu. Sai naji wata ƙara wadda ƙirjina ya riga kunnena jinta, kwanon rufi ya amsa, ƙura ta zubo kan atamfar. Kafin in ce Yesu sai wata, sai wata, sai harbi kamar ana soya gugguru. Baban yara a wata masana'anta yake aiki a Bompai, ga hedikwatar 'yan sanda nan kusa dasu, kuma tana cikin wuraren da aka kai wa hari ranar tare da ofishin shiyya ta ɗaya na titin BUK da ofishin SSS da ofishin fasfo na Farm Centre. Na kira wayarsa har babban yatsana ya yi ciwo, bata shiga.

Hajiya mai gidanmu ce ta fito ko mayafi babu, tace "Maman yara kwaso su ku shigo ciki, abin da zai ci ku sai ya fara cin mu." A uwar ɗakinta muka kwana, in ma za'a kira wannan kwana, ita tana jan carbi ni ina durƙushe a gefen gado, ban iya haɗa addu'a ko ɗaya ba sai "Ubangiji ka ji tausayi" kawai nake ta maimaitawa. An sa dokar hana fita ta awa 24. Can tsakar dare wata baƙuwar lamba ta shigo, muryarsa ce a shaƙe, wani mai shayi ne ya tura su cikin shago su wajen goma ya ja ƙofa ya kulle. Sai ranar Lahadi da aka sassauta dokar ya shigo gida da takalmi ƙafa ɗaya. Hukuma tace mutum 185 suka mutu, galibinsu ma Musulmi ne talakawa masu wucewa, 'yan acaɓa da 'yan tireda, mutuwaren asibitin Murtala ya cika har ƙasa.

Abin mamaki, ranar abin ban karaya ba. Bayan ya dawo lafiya ne tsoron ya nemi tabarma ya zauna a cikina.

Na ɗauko jakar Ghana must go na zuba kayan yara da takardun makaranta da katin aurenmu na ajiye bayan ƙofa. To amma zuwa ina? Wannan tambayar ita ce ta hana ni barci fiye da ƙarar bindiga. Maƙwabtanmu Inyamurai sun cika tashar New Road a Sabon Gari suna hawa manyan motoci, 'yan Kudancin Kaduna da 'yan Filato suna tura mata da yara gida, kowa yana da inda zai ce na tafi garinmu. Mu Hausawa ne gaba da baya, kamar yadda na faɗa muku a kashi na farko kakana Bamaguje ne a wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, a hannun 'yan mishan na SIM ya karɓi bishara, bamu da wani yare sai wannan da nake rubutu dashi. In muka je kudu aboki za'a kira mu, ranar da aka tashi ramuwa ba wanda zai tsaya tambayar sunan baftismarka, a nan gida kuma kullum sai an ce maka au dama akwai Bahaushe Kirista? Jemage kenan, tsuntsaye sun ce ba nasu bane dabbobi ma haka.

Coci ta koma wani iri. An jera durom-durom cike da kankare a bakin titi, an hana mata shiga da jaka sai dai ki riƙe Littafi da kuɗin baiko a hannu, samari suna caje kowa da na'ura har fasto, sujadar awa uku ta koma awa ɗaya, benci fiye da rabi babu kowa. Ni kam na daina zuwa gaba ɗaya, sati uku, in an tambaya ince ina addu'a a gida. Ƙarya nake, rediyo nake bauta wa. Da asuba BBC, in sun gama Muryar Amurka, sai Jamus, sai Faransa, da rana Freedom, tsakani kuma jita-jitar waya, ance an ga wata mota, ance kar a je kasuwa ranar kaza. Yaro in ya yar da kofin silba sai na kai masa duka. Atamfar ankon tana nan a ninke da ƙurar ranar Juma'a a kanta, ko kaɗe ta ban yi ba.

Wata Talata sai ga shugabar zumuntarmu, tsohuwa ce Kaka muke ce mata, ta haura saba'in, ta biyo shingayen sojoji inda ake sauke mutum daga babur mai babur ya tura fasinja ya taka. Ta zauna ta sha ruwa, bata ce me ya hana ki zuwa coci ba, tace "'yar nan ina ankon mu?" Nace haba Kaka wane irin biki kuma ana wannan hali, ai sai a ɗaga. Tace miƙo Littafinki, idona ya mutu, buɗe min Habakuk sura 3. Nace a raina na san inda za'a, aya 17 da 18 ce, tun makarantar Lahadi muka haddace, ko ɓaure bai yi toho ba, ko inabi da zaitun sun ƙi, gona ba amfani, garke ba tumaki turke ba shanu, duk da haka zan yi murna cikin Ubangiji. Na fara kenan tace a'a koma baya aya ɗaya.

Jama'a shekara nawa ina riƙe da Littafin nan ban taɓa lura da aya 16 ba. Annabin cewa yake cikinsa ya kaɗa, leɓunansa suna rawa, ƙasusuwansa kamar sun ruɓe, ƙafafunsa suna karkarwa. Kaka ta kwashe da dariya tace "kin gani ko, bawan Allah saura kaɗan gudawa ta kama shi, mayaƙan Babila na tafe ya kuma san ba fashi, kuma da wannan bakin mai rawa ya faɗi maganar murnar. Duba ƙarshen surar ma, cewa aka yi a kai wa shugaban mawaƙa a haɗa da kayan kiɗa. Waƙa ce fa, mutum yana karkarwa ya zauna ya tsara waƙa." Sai ta dafa gwiwata tace "ni ban ce ki daina jin tsoro ba, ni kaina ɗazu a shingen can da yaron nan ya ɗaga bindiga sai da na ɗan jiƙa zani. Cewa nayi ki ɗinka anko."

Daga nan ta shiga labarin farin 1973, tana amarya a ƙauye, yadda surukinta ya fita da sauran irin geron da ya rage a rumbu ya yi binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa ruwa bai sauka ba, yara na kukan yunwa mutane na cewa tsohon nan ya haukace da ya bari an daka an sha kunu. Tace shi bege binne ne, ba ka ga hadari ba kake zubawa. Na tambaye ta to ya tsiro? Tace na farko ya ƙone, sai da ya sake.

Gaskiya a lokacin haushi ta bani, nace a raina ke da kika gama cin zamaninki. Amma har yau ina gode mata da bata yi min irin wa'azin nan na wai mai bangaskiya baya tsoro ba, masu faɗin haka yawanci basu taɓa kwana suna kiran wayar da bata shiga ba, kuma in ka faɗa wa mai tsoro haka ka ƙara masa kaya ne, ga tsoro ga kunya. Da ta tafi na kaɗe atamfar. Ban ji wani haske ya sauko ba, ban ji komai ba ma, ƙafata ce kawai ta hau keke. Washegari da asuba hannuna ya kai kan rediyo na janye shi, nace sau ɗaya a rana ya isa, wanda zai mutu ba sauraro na ne zai hana ba.

Riga goma sha ɗaya kawai aka karɓa cikin arba'in da biyu, sauran masu su sun bar gari. Aka sa ɗaurin aure ƙarfe tara na safe don kowa ya koma gida da wuri. Mai buga mana tulu ta tafi Zonkwa da yaranta, Kaka ta waiga ta miƙo min tulun da ɗan matashin da ake dukan bakinsa dashi, nace Kaka hannuna rawa yake, tace yauwa ai zai fi daɗin kiɗa. Akwai wata 'yar uwa a cikinmu da ɗanta ɗan acaɓa ya fita ranar Juma'ar nan bai dawo ba, ta zo, ta sa ankon, bata yi rawa ba kuma ba wanda ya ce mata tayi, Kaka ta zaunar da ita kusa da ita ta bata kacau-kacau tana kaɗawa a hankali hawaye na zuba, mu ma in mun juyo wajenta muyi kukan in mun juya wajen amarya muyi guɗa, haka aka yi ta haɗawa.

Muna tsakiyar rako amarya, muryoyi sun fara buɗewa kenan, sai ji kake daram daga bakin titi. Kafin ƙiftawar ido babu mutum ɗaya a tsaye, ango ya bar amarya ya shige bayan bagade, mai ɗaukar hoto ya kwanta kan kyamararsa, ni kuma ina ƙarƙashin benci rungume da tulu kamar jariri. Shiru. Can sai wani yaro cikin masu caje ya leƙo yace tayar tifa ce ta fashe. Kaka ta rarrafo daga ƙarƙashin tebur ɗankwali a karkace tace "to a wane baiti muka tsaya?"

Dariyar da aka yi ranar ban taɓa jin irinta a cikin coci ba, har da masu birgima, fasto ya cire tabarau yana share ido, amarya tace wa ango ta gani ai, kuma har yau in suka yi faɗa sai ta tuna masa bagade. Ita ma 'yar uwar nan mai makoki sai da ta rufe baki da gefen zani kafaɗunta na motsi. Muka tashi muka ɗauki waƙar daga farko, na buga tulun nan har tafin hannuna ya yi ja. Hajiya mai gidanmu bata shiga ciki ba amma ita ta dafa mana shinkafar bikin a tsakar gidanta, ta aiko da kwanuka shida na amarya.

Jakar bayan ƙofa kam ban kwance ta ba, kar in yi muku ƙarya, ta kai har Ista a wurin. Kayan cocin yara kawai na zaro daga ciki a daren nan na goge su da dutsen guga na gawayi don ba wuta, da safe muka tafi sujada mu biyar, ina tafe ina kallon kowace mota da aka ajiye a gefen hanya.

Muna ganin ƙura ta fara lafawa sai ga Lahadi 29 ga Afrilu. Ƙanena da nake biya wa kuɗin makaranta da ɗinki yana karatu a Jami'ar Bayero a lokacin, kuma a tsohuwar harabar jami'ar suke yin sujadarsu ta safe. Muna fitowa daga coci naga kira goma sha huɗu a wayata. Wannan sai mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu.