Daren da Aka Ambaci Zariya a Ditiroyit

Hunturuna na farko a birnin Ditiroyit na Amurka saura ƙiris ya mayar da ni gida. Sanyin kansa ya isa: ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufa, da asuba kuma sai ka kankare ƙanƙara daga gilashin mota kafin ka kama hanyar aiki. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shiru. A Tudun Wadan Zariya inda na tashi, ba ka tafiyar minti biyar ba ka tsaya gaisuwa ba. A nan kuwa sai in kwana uku bakina bai furta komai ba in ban da "sannu" da "na gode" a ɗakin ajiyar da nake ɗaukar kwalayen kayan gyaran mota.

Na kama ɗaki a Hamtiramik, wani ƙaramin gari da Ditiroyit ta kusa zagaye shi, don an ce mini Musulmi sun yi yawa a wurin. Haka ne kuwa. Tun 2004 hukumar garin ta amince a riƙa kiran salla da lasifika, kuma ranar da kiran ya fara shigo mini ta taga sai da na share ƙwalla. To amma da an sallame, mutanen Yaman su koma Larabcinsu, na Bangaladash su koma yarensu, ni kuma in ɗauki takalmana. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni. Kowa dai yana da nasa.

Wani abokin aikina, baƙar fata ɗan asalin garin, shi ya matsa mini wata Juma'a da dare in raka shi jin kiɗan jaz a Baker's Keyboard Lounge, kan titin Livernois. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa, domin wuri ne da ake sayar da giya, kuma na san abin da mahaifina zai ce da ya gan ni. Na shiga, na ce a ba ni lemo da soyayyen kifi, kuma har yau ban taɓa wuce nan ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da irin wurin ba, ba zan ce masa ya je ba.

Ɗakin ƙarami ne, kujerunsa ba su wuce ɗari ba. An buɗe shi tun shekarun 1930, masu shi kuma suna tinƙahon cewa cikin gidajen jaz da ke aiki har yau babu wanda ya girme shi. Kantar da ake zama gabanta an yi ta ne da siffar haƙoran fiyano, fari da baƙi, sannan akwai madubai da aka karkato saman dandali yadda ko daga baya kake sai ka ga yatsun mai fiyano suna gudu.

Da farko hayaniya kawai na ji, kamar kowa ya kama gabansa. Sai a kiɗa na uku kunnena ya buɗe. Ashe tare suke ɗauko karin waƙar, sannan su sakar wa mutum ɗaya fili ya juya ta yadda ransa ya ba shi, ya miƙa wa na kusa da shi, can kuma su haɗu a inda suka faro. Da mai saksafon ya yi busa kaɗan ya tsaya, mai ganga ya mayar masa, ya sake busawa, ya sake mayarwa, sai tsigar jikina ta tashi. Wannan ai na san shi. Mawaƙi da 'yan amshinsa ne, mai kalangu ne yana ba maroƙi amsa. Da aka sassauta kuma, mai gangar ya ajiye sandunansa ya ɗauki wasu 'yan tsintsiyoyin waya yana shafar fatar, sautin kamar yayyafi a kan rufin kwano. Ba a liƙi a nan. Wanda kiɗa ya ratsa sai ya tafa a tsakiyar waƙa, ko ya ɗaga murya ya yaba.

A zuwana na uku, lokacin da makaɗa suka tafi hutu, wani dattijo da ke teburin kusa da ni ya dubi hulata. Ya haura saba'in, ya ce shekara talatin ya yi a masana'antar mota kafin ya yi ritaya.

"Samari, daga ina?"

Na ce Najeriya, ina jiran ya ce Legas kamar kowa.

"Wane gari?"

"Zariya, Baba. Can arewa ne, ba lallai ka sani ba."

Ya ajiye cokalinsa. "Zariya? Inda Yusef Lateef ya zauna?"

Ban taɓa jin sunan ba. Shi ya zaunar da ni ya karanta mini, daga baya na bincika na tarar bai ƙara gishiri ba. Lateef a Ditiroyit ya girma, ya musulunta tun yana saurayi, ya shahara da busa saksafon da sarewa har duniya ta san shi. A 1981, yana da shekara sittin da ɗoriya, ya tattara ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello, Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya, ya zauna har 1985 yana koyarwa yana bincike a kan sarewar Fulani. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93.

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara huɗu na yi ina karatu a Samaru, inda jami'ar take. Sarewar nan kuwa tun ina yaro nake jin ta in makiyaya sun ratso bayan gari da yamma, ban taɓa tsayawa na saurara ba, don a wurinmu abin yaran daji ne. Ga mutumin da manyan ɗakunan kiɗa na duniya ke rububinsa, ya tsallaka teku ya zauna gaban masu ita yana ɗaukar darasi.

Tun daga daren nan nake da wurin zama. In na yi mako biyu ban leƙa ba, dattijon sai ya tambayi abokina ko lafiya. Shi ya nuna mini inda ake sayar da tayoyin hunturu da rahusa, shi ya kai ni bikin jaz na kyauta da ake yi a bakin kogi duk farkon Satumba, inda kana tsaye kana hango Kanada a ƙetare. Na koya masa "ina wuni", yanzu da ita yake tarbata.

Na roƙi ƙanena ya nemo mini busar sarewa ta gaske. Ya yi wata guda kafin ya dace da wani yaro mai kiwo wajen Shika, ya ɗauko da waya ya turo ta WhatsApp, minti biyu da 'yan daƙiƙu, har da kukan shanu da iska a ciki. Bayan an tashi kiɗa na ja dattijon zuwa motata, na kunna na'urar ɗumama, na sa masa. Ya rufe ido, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Da ta ƙare bai buɗe idon ba.

"Ɗana, sake sa mini."