Babi ɗaya a littafin furogiramin ba zai koya muku LDAP da DNS ba

Ƙannena masu koyon furogiramin, kun san babin nan da manyan littattafan Java da PHP suke ajiyewa can wajen ƙarshe, wanda yake nuna yadda kod ɗinka zai nemi suna a DNS, tsarin da yake mayar da sunan shafi zuwa lambar IP, ko ya tambayi LDAP, hanyar tambayar rumbun sunayen masu amfani, ko wannan mai son shiga ma'aikacinmu ne. Shafuka kaɗan ne yawanci, da misali ɗaya ko biyu, ka kwafa ka gwada ya yi aiki, sai ka ji a ranka ai shikenan ka iya. Toh ni a daidai nan na yi tuntuɓe, kuma ba na so ku ma ku yi.

Littafin furogiramin yana da amfani, ban ce ku ajiye shi ba. Amma iyakarsa ya nuna maka yadda ake kiran sabar, abin da sabar take nufi da amsar da ta ba ka kuwa sai ka nemo shi a wani wurin.

An taɓa ba ni aiki a wata ma'aikata, in haɗa shafin shigar ma'aikata da Active Directory ɗinsu, wato rumbun sunayen ma'aikata na Microsoft da ake tambaya ta LDAP, don kowa ya riƙa shiga da suna da fasuwod ɗin da yake buɗe kwamfutar ofis da su. Na buɗe littafina na bi misalin tiryan-tiryan: ka haɗu da sabar ta tasha 389, ka miƙa mata suna da fasuwod, abin da ake ce wa bind, in ba ta dawo da kuskure ba ka bar mutum ya wuce. Na gwada da fasuwod na gaskiya ya shiga, na gwada da na ƙarya ya ƙi, na ce alhamdulillah na miƙa aiki. Daga baya wani abokin aiki ya rubuta sunansa, hannunsa ya riga shi danna Enter bai sa fasuwod ba, sai ga shi a ciki. Ya kira ni muka gwada da sunan oga, akwatin fasuwod ba komai, nan ma ya buɗe. Wallahi ranar jikina sanyi ya yi, don bayanan mutane ne a wurin, amana ce aka ba ni.

Kuma sabar ba ta yi laifi ba fa. A ƙa'idar LDAP, in ka aika suna da fasuwod fanko, sabar tana iya amsa maka da nasara amma ta ɗauke ka a matsayin baƙon da ba a tantance ba. Kod ɗina kuwa nasarar kawai yake kallo. Takardar RFC 4513 ta 2006, ɗaya daga cikin takardun ƙa'idojin intanet, ta yi gargaɗi a kan wannan ƙarara, ta ce manhaja ta ƙi karɓar fasuwod fanko tun kafin ta aika. Layi ɗaya ne gyaran, amma babin da na karanta bai taɓo maganar ba, don marubucin yaren furogiramin yake koyarwa. A binciken nan ne ma na gane cewa tasha 389 in ba ka kunna StartTLS mai ɓoye saƙo ba, fasuwod ɗin mutane a fili yake yawo a netwok, sai dai ka kunna ko ka koma tasha 636 mai ɓoye saƙo tun daga farko.

Akwai kuma lokacin da na janyo jerin sunaye na ga sun tsaya a 1000 cif, na yi ta zargin kod ɗina, ashe Active Directory ce ba ta ba da fiye da haka a tambaya ɗaya sai ka nema shafi-shafi.

Da na zauna na karanta LDAP ɗin kanta sai abubuwa suka fara zama a kaina. Asalinta daga X.500 ne, wani tsari mai nauyi na 1988, sai a farkon shekarun 1990 masana, ciki har da na Jami'ar Michigan a Amurka, suka fitar da mai sauƙi, sigar ta uku da muke amfani da ita ta fito a 1997. Bayanan a tsarin bishiya suke, ba a tebur irin na SQL ba, kuma wannan cn da ou da dc da kuke kwafa ba ku san me suke nufi ba, kamar kwatancen mutum ne a cikin gari, wane na gidan wane a unguwa kaza a gari kaza, daga ƙarami ake farawa a tafi babba. In ka gane haka za ka san daga wane reshe za ka fara nema, kuma za ka san dalilin da ya sa mutum yana nan amma bincikenka bai gan shi ba.

DNS ma haka ta yi min. Na tashi mayar da shafin wani kwastoma sabuwar sabar, na canza lambar IP a rekod ɗin A, wanda yake haɗa sunan shafi da lambarsa, a wayata sabon shafi ya fito, shi kuma kwastoma yana ta kira wai mutanensa tsohon suke gani, daga baya kaɗan kuma na kashe tsohuwar sabar. Ban san TTL ba a lokacin, wato wa'adin da ake riƙe amsar DNS kafin a sake tambaya. An sa shi 86400, wato daƙiƙun kwana ɗaya cur, duk sabar da ta riga ta tambaya za ta riƙe tsohuwar amsa har lokacin ya cika. Abin da ake yi shi ne ka rage shi zuwa kamar 300 tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaura, kuma ka bar tsohuwar sabar a kunne sai komai ya lafa. Sannan don Allah ku masu gyaran kwamfutocin ofis, ku daina sa 8.8.8.8, sabar DNS ta Google, a kwamfutar da take cikin domen na Active Directory, ita kwamfutar ta DNS na cikin gida take gano sabar da za ta tantance ta, sabar Google ba ta san da zaman ofishinku ba.

Kada ku ɗauka ƙananan ma'aikatu kaɗai abin yake kayarwa. Kun tuna 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, mutane na ta kashe data suna kunnawa? Kuskuren saiti ne ya yanke hanyar zuwa sabobin DNS na kamfanin, sunan ya daina kaiwa ko'ina. A Disambar shekarar kuma aka bayyana ɓarakar Log4j, kayan aikin Java na rubuta log, inda ɗan rubutu kaɗan yake sa manhajar Java ta je wata sabar LDAP ta waje ta hanyar JNDI ta ɗauko kod ɗin maharin ta kunna. JNDI ɗin nan dai ita ce hanyar da Java take kiran LDAP da DNS, wadda babin nan yake koyarwa.

Shawarata, ku juya tsarin karatun. Ku fara da littafin da ya tsaya a kan sabis ɗin kansa, irin DNS and BIND na Paul Albitz da Cricket Liu, sannan ku dawo babin kod. Ko tsohon bugu kuka samu ku karanta, don tushen DNS bai gusa ba, Paul Mockapetris ya tsara ta a 1983, kuma RFC 1034 da 1035 na 1987 har gobe su ne ginshiƙi. Inda tsohon littafi yake cutarwa shi ne misalan kod da saitin tsaro, waɗannan ku duba sabon bayani. Takardun RFC kyauta ne, rubutu ne zalla ba sa cin data, ka sauke sau ɗaya ka karanta ko babu netwok. Turancinsu da nauyi gaskiya, ni ma a hankali nake binsu, amma ko sashen tsaro kaɗai ka karanta ka tsira da abu mai yawa.

Kuma karatu ba tare da taɓawa ba ba ya zama. Ka sa Linux a VirtualBox a laftof ɗinka, ka girka BIND, manhajar sabar DNS, da OpenLDAP, ta LDAP, ka ɓata su ka gyara inda ba wanda zai cutu. Ka buga dig +trace a kan wani suna mai ƙarewa da .ng ka ga yadda tambaya take tashi daga sabobin tushe, masu sunaye 13 daga a zuwa m, ta sauko kan .ng da hukumar NiRA take kula da shi, kafin ta isa sabar mai shafin. Ka yi bincike da ldapsearch da hannunka kafin ka rubuta kod ko layi ɗaya.

In kuma yanzu haka kana da shafin shiga da ka haɗa da LDAP yana aiki a wani wuri, je ka gwada shi yau, ka bar fasuwod fanko ka danna, sannan ka sa alamar tauraro (*) a wurin suna ka ga abin da zai dawo maka da shi.