Ruwan sahara ba wasa ba ne

Jama'ar Nima a Accra mun san ambaliya, mun ga ambaliya da gobarar da aka yi a shataletalen Circle ranar 3 ga Yuni 2015, Allah ya jikan wadanda suka rasu. Amma wallahi sai da yayana da ke tuka trela a Arizona, wata jiha mai hamada a Amurka, ya turo min bidiyo na gane na sahara daban ne. Damina can tana kaiwa har 30 ga Satumba, kuma a lokacinta ne hadari ke tasowa da yamma, tsawa, iska, kura, sai ruwa kamar da bakin kwarya, kasar kuma ta kekashe ba ta shan ruwa, duk sai ya gangara cikin busassun koramu yana jan itace da duwatsu.

Abin da ya fi tsorata ni, kana tsaye rana na dukanka ruwan ya riga ya sauka a kan tsauni nesa. Haka mutum 11 suka mutu a Antelope Canyon, wani kwazazzabo a Arizona, a 1997.

Na ce Yaya don Allah in ka ga ruwa ya rufe titi ka juya, kaya su makara. Ya ce can in ka ketare shingen da aka sa a titin da ruwa ya rufe, kai za ka biya kudin ceto.