Bisharar arziki da warkarwa: inda ta rabu da koyarwar ikkilisiya

A Garwa da Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, wa'azin "shuka iri ka girbi ninki ɗari", wato ka ba da kuɗi Allah ya ninka maka, ba baƙo ba ne yanzu. Yana shigowa ta tashoshin talabijin na Legas da Duwala, ta WhatsApp, da ta tarurrukan kwanan addu'a. Damuwata da shi ba don yana cewa Allah na warkarwa ba ne. Luteran da Katolika da Baftis duk sun gaskata haka. Matsalar ita ce ya mai da kyautar Allah bashin da ake binsa, kuma in abu bai yiwu ba, sai a ɗora laifin a kan majinyaci ko matalauci.

Koyarwar tana da asali sananne. E. W. Kenyon, wanda ya rasu a 1948, ya koyar cewa abin da mai bi ya furta da bakinsa shi zai samu. Kenneth Hagin ya yaɗa wannan daga Tulsa a Amurka, Oral Roberts ya ƙara batun ba da kuɗi a matsayin iri, Benson Idahosa na birnin Benin a Najeriya kuma ya zama babban mai yaɗa ta a Afirka ta Yamma. Sukar koyarwar ma ba daga wajen Fentikos, inda ta fi yaɗuwa, kaɗai ta fito ba. Gordon Fee, masanin Sabon Alkawari kuma ɗan Fentikos, ya yi rubutu a kanta da kakkausar murya. Hagin kansa, a littafinsa na shekarar 2000, ya tsawata wa masu wuce gona da iri wajen neman kuɗi. Taron Lausanne, babban taron masu bishara na duniya da aka yi a Cape Town a 2010, ya bayyana cewa koyarwar ba ta dace da Littafi Mai Tsarki ba.

Rabuwa ta farko tana kan ma'anar bangaskiya. A koyarwar ikkilisiya, bangaskiya dogara ce ga Allah mai yin abin da ya ga dama. A wannan wa'azi kuwa ta zama wani ƙarfi da ke cikin kalmomi, wanda ko Allah ma sai ya bi ƙa'idarsa. Shi ya sa ake hana mutane cewa "in Allah ya yarda", wai alamar shakka ce. Amma Yesu a Gatsemani ya roƙa a yi nufin Uba, ba nasa ba, kuma Yakubu 4:15 ya umarce mu mu ce in Ubangiji ya nufa. Abokan Daniyel uku sun gaya wa sarki cewa Allah na iya cetonsu daga tanderu, ko bai cece su ba kuwa ba za su yi wa gunki sujada ba. Wasu malaman wannan tafarki sun zarce har suna cewa masu bi "ƙananan alloli" ne, ko kuma cewa fansa ba ta cika a kan gicciye ba sai da Yesu ya sha azaba a lahira. Yohanna 19:30 ya rufe wannan ƙofa, domin a kan gicciyen ne ya ce an gama.

Ayoyin da ake kafa hujja da su kaɗan ne, kuma hanyar gwada su ɗaya ce: a karanta ayoyi biyar kafin ayar da biyar bayanta, a tambayi wa ke magana da wa. 3 Yohanna 2 gaisuwa ce ta buɗe wasiƙa zuwa ga Gayus, irin "ina fata kana lafiya" da muke rubutawa, ba alkawari ba. Markus 10:30 ya ambaci ninki ɗari, amma a ayar kanta akwai tsanani, kuma maganar kan wanda ya bar gida da dangi saboda bishara ce, ba wanda ya saka sefa dubu goma yana jiran miliyan ba. 2 Korintiyawa 8:9 tana cikin roƙon taimako domin matalautan Urushalima, kuma Bulus yana yabon ikkilisiyoyin Makidoniya da suka bayar suna cikin matsanancin talauci. Bai ce sun yi arziki daga baya ba. Malakai 3:10 kuwa magana ce ga Isra'ila kan abinci a ma'ajin Haikali.

Ishaya 53:5 ta fi nauyi, dole a dakata a kanta. Gaskiya ne Matiyu 8:17 ya danganta wannan sura da warkarwar da Yesu ya yi. Amma Bitrus, a wasiƙarsa ta fari 2:24, ya fassara ta kan zunubi da komowar ɓatattun tumaki. Mutuwar Almasihu za ta kawar da cuta gaba ɗaya, sai dai Romawa 8:23 ta ce har yanzu muna nishi muna jiran fansar jikinmu. Da warkewa nan take haƙƙin kowane mai bi ne, da Bulus bai bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas ba, da bai shawarci Timoti ya yi wa cikinsa magani ba, da Abafaroditas bai kai bakin mutuwa ba. Bulus kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, amsar da ya samu ita ce alheri ya ishe shi.

Inda abin ke zama rai da mutuwa shi ne lokacin da aka ce shan magani rashin bangaskiya ne. Maganin tarin fuka wata shida ne. Tari kan lafa cikin makonnin farko, mutum ya ba da shaida a majami'a ya daina sha, sai ƙwayar ta dawo, wani lokaci ta daina jin maganin, ta kuma kama iyalinsa. Mai ƙanjamau da gwaji ya nuna ba a ganin ƙwayar a jininsa bai warke ba, maganin ne ya danne ta, in ya bari za ta taso cikin makonni. Maganin kuwa kyauta ne a Kamaru tun 2007. Mai farfaɗiya da ya yanke magani farat ɗaya na iya shiga jijjiga mara tsayawa. Hawan jini ba ya ciwo, don haka jin daɗin jiki ba shaida ba ne, awo ne shaida. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin bai kamata a sa shi dogon azumi ba sai da shawarar likita. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro da ya fara suma ko jijjiga, asibiti za a kai shi a daren, a yi addu'ar a hanya.

Ikkilisiyoyin da suka fara kawo bishara arewacin Kamaru ba su raba addu'a da magani ba. Asibitin Furotestan na Ngaundere da asibitin Katolika na Tokombere, inda Baba Simon, limamin Katolika ɗan Kamaru, ya yi hidima, shaida ne. Yakubu 5:14 ta tsara yadda za a yi: majinyaci ya kira dattawan ikkilisiya, su yi addu'a, su shafa masa mai. Babu farashi a ciki. Kwalbar mai ko ruwa ta sayarwa ta fi kusa da abin da Saminu mai sihiri ya nema a Ayyukan Manzanni 8, wanda Bitrus ya tsawata masa a kai.

Kafin ka saka kuɗin auduga ko na adashi a matsayin iri, ɗan'uwa, ka tambaya: mutum nawa ke ƙirga baiko, kuma ana karanta wa jama'a lissafi? Kuɗin yana shiga asusun ikkilisiya ne ko lambar wayar fasto? Akwai dattawa ko majalisa da za su iya tsawata masa? Wanda aka ce ya warke, ya koma asibitin da ya gano cutar an sake gwada shi? Ka kuma duba abin da ake faɗa wa iyalin wanda aka yi wa addu'a ya rasu, da ko wani daga majami'ar ya sake taka ƙafa gidansu bayan jana'iza.